Godiya ga masu lambun furanni na bakin titin Agege

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode wa Baba mai lambun sayar da tsirrai da ke bakin titi a nan Agege, da yaransa masu ban-ruwa, waɗanda yawancinsu 'yan uwanmu ne 'yan Arewa. Sun ƙi karɓar kuɗina a kan kayan da suka san ba zai amfane ni ba, kuma a Legas wannan abin a faɗa ne.

Abin da na je nema shi ne jan furen nan mai dogayen zare da suka baje kamar ƙafafun gizo-gizo, wanda masana ke kira Lycoris radiata. Asalinsa daga Sin ne. A Japan yana fitowa wajen ƙarshen Satumba, lokacin da tsawon dare da rana ke daidaita. Halinsa daban ne: kara tsirara ke fasowa daga ƙasa, ba ganye ko ɗaya, sai fure a kai. Bayan furen ya bushe ganye ke fitowa, ya ci lokacin sanyi yana kore, zafi na shigowa ya bushe, albasar kuma, wato tushensa mai kama da albasa, ta kwanta barci a ƙasa.

Baba, kana da hanyar da za ka sa a kawo mini albasar daga waje, da ribarka a ciki. Ba ka yi ba. Ka zaunar da ni a benci ka ce, "Alhaji, ganye zai iya ba ka, amma fure ban yi maka alkawari ba." Ka bayyana mini cewa ko a kudancin Amurka, inda ake da zafi kuma furen ke yi sosai, suna da sanyin hunturu da ke gyara masa lokaci. Mu kuwa ba mu da shi. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa muke sha kamar da bakin ƙwarya, a ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Albasar da ke son hutu a ƙasa mara laima, a gidan da ruwa ke kwanciya, ruɓewa za ta yi. Ka ce in dai na nace, in gwada a tukunya mai huji ƙarƙashin rumfa, ko in bari sai na samu wuri mai sanyi irin Jos.

Maimakonsa ka nuna mini farin ɗan uwansa, Hymenocallis littoralis, wanda ya fito daga gaɓar tekun yankuna masu zafi na nahiyar Amurka. Shi yashi da danshi yake so, ganyensa ba ya bushewa duk shekara. Ka haɗa mini da albasar kwaɗi, wadda muka sani tun a gida tana fasowa da ruwan fari. Kuɗinsu bai kai rabin abin da na shirya kashewa ba.

Godiya ta musamman ga yaron da ya biyo ni gida ya dasa. Ya tono cunkushin albasar, ya rarraba 'ya'yan da hannu a hankali kada saiwa ta tsinke, ya cuɗa yashi da baƙar ƙasa da tsohon taki. Ya ɗora yatsa a wuyan albasar ya ce nan ne iyakar ƙasa, kada a binne ta da zurfi, kuma in ta zauna kada a riƙa tayar da ita, don ba ta son ƙaura. Ya buɗe wani ganye ya nuna mini baƙar tsutsa mai ɗigo-ɗigo da ke huda shi ta bi har cikin albasar, ya ce a riƙa dubawa da safe ana tsincewa, ita da dodon-koɗi.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne gargaɗin da ya yi wa uwargida ba tare da an tambaye shi ba. Ya ce, "Hajiya, wannan ba albasar miya ba ce, dafi gare ta, a nesanta ta da kicin da yara da awaki." Gaskiya ya faɗa, domin duk dangin nan suna da guba, har ma a Japan saboda gubar ake shuka jan a gefen gonakin shinkafa da maƙabartu don korar ɓeraye. Gidana cike yake da jikoki, wannan kalma ɗaya ta fi mini furen daraja.

Yanzu fararen sun jeru jikin katanga suna fure, maƙwabta har sun fara roƙon iri. Duk wanda ya tambaye ni a masallaci ko a Zango, wurinku nake tura shi, kuma ina gaya masa ya faɗi yadda ƙasar gidansa take kafin ya zaɓi tsiro.

Allah ya ƙara kasuwa, ya sa albarka a zuriya, ya mayar da yaran nan gida lafiya.

Naku,
Wani mazaunin Agege, Legas