Ɗana, Ka Je Ka Ari Tsani

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma nan lafiya ƙalau, mahaifiyarka tana gaishe ku.

Akwai maganar da ka faɗa a waya ka wuce ta kamar ba komai, ni kuwa ta tsaya mini a rai har yau. Na tambaye ka wane ne a gidan da ke jikin naka, ka ce motarsa kawai ka sani. Wata tara ke nan da tarewarku. Ka ƙara da cewa haka ya fi maka, unguwa ce ta ba ruwan kowa da kowa. Ban amsa maka ba a lokacin, don na ji muryar yara kusa da kai, kuma maganar ta fi ƙarfin waya.

Ban taɓa ba ka labarin unguwar da na tashi yadda ya kamata ba. Ita ma bayan gari ce, kamar taku. A bakin layinmu bas yake juyawa ya koma, don daga mu sai fili. Rabin gidajen ba a gama su ba, an shiga ne ana ci gaba da gini, wani ɗaki da rufi, wani sai sararin sama. Babu wanda aka haifa a wurin cikin manya. Kowa daga wani wuri ya zo, tsadar haya a tsakiyar birni ta turo shi gefe, kuma ba duka muke jin harshen juna sosai ba. Kakanka yakan fita tun da duhu ya bi bas ɗin farko, bai dawowa sai mun fara gyangyaɗi. Haka yawancin mazan layin. Da rana unguwa ta mata ce da yara da tsofaffi, kuma su suka ƙulla ta.

Na faɗi wannan ne don kada ka ce zamaninmu daban, mutanen da can sun san juna tun kaka da kakanni. Ba mu san kowa ba. Abin da ya same mu shi ne yake samun duniya har gobe: ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna a 1950 kashi 30 cikin ɗari na mutanen duniya ne ke zaune a birane, a 2018 sun kai kashi 55, ana kuma hasashen su kai 68 a 2050. Yawancin masu shigowa ba tsakiyar birni suke samun wuri ba, gefe suke sauka, baƙo kusa da baƙo. Tambayar da ke gabanka yau ita ce ta kasance a gaban kakarka: yaya baƙi suke zama maƙwabta?

Ga yadda na ga ta yi. Ina ɗan shekara bakwai wasu suka tare a gidan da ke kallon namu. Matar yarinya ce, ga jariri, ga shi ba ta fitowa. Kwana uku da zuwansu kakarka ta kira ni ta ce in je in ce ta ara mana ashana. Na ce ai akwai ashana a gida, yanzu na gan ta a kan taga. Ta ce, "Na sani. Je ka." Na je, matar ta ba ni, har tana rawar jiki. Bayan kwana biyu aka sake aika ni, wannan karon aron almakashi, alhali namu yana cikin gwangwanin allura. Ba a yi mako ba sai ga matar da kanta a ƙofarmu, tana sunkuyar da kai, wai ko za a ara mata dutsen guga. Daga nan sai riƙon jariri in za ta je asibiti, daga nan sai ajiyar makulli. Shekara goma sha tara suka yi suna shiga gidan juna, kuma a hannun matar nan kakarka ta yi jinyarta ta ƙarshe.

Sai da na girma na tambaye ta dalilin ashanar. Ta ce mutumin da ya zo sabon wuri buƙatu sun yi masa yawa, amma kunya ta ɗaure masa baki. In ka kai masa kyauta, ka ƙara masa nauyi, don yanzu kana binsa bashi. In kuwa ka roƙe shi ɗan abin da ba zai gagare shi ba, ka ba shi izinin ya roƙe ka. Kakarka ba ta yi karatun boko ba, amma na yi shekaru ina karance-karance ban ci karo da bayanin zaman tare da ya fi wannan ba.

To, ɗana, abin da nake ji maka tsoro ke nan. Allah Ya rufa maka asiri, na kuma gode Masa. Kana da ruwanka, kana da wutarka, kana da motarka, abin da ya ƙare a gida waya za ka taɓa a kawo maka har ƙofa. Ba ka buƙatar kowa, saboda haka ba ka da dalilin ƙwanƙwasa ƙofar kowa, shi ma na jikinka haka. Mu a layinmu tsani ɗaya ne. Na wani kafinta ne, amma ba na jin ya taɓa kwana uku a jere a gidansa. In damina ta kusa, sai ka gan shi yana yawo gida gida ana gyaran rufi, kuma duk wanda ya zo ɗauka sai ya tsaya ya riƙe wa mai hawa kafin ya tafi da shi. Tarho ɗaya ne, a gidan wani ma'aikaci, yaransa su ne masu gudu su kira wanda aka bugo wa, ko da tsakar dare ne. Talabijin ma na daɗe ban san ana kallonsa a gidan mutum shi kaɗai ba. Rashi ne ya tilasta mana, ba na musu, kuma ba na yi maka fatan rashi. Amma abin da rashi ya yi mana ba da shawararmu ba, kai sai ka yi shi da niyya.

Kada ka ɗauka aljanna nake kwatanta maka. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Akwai tsegumi, akwai hassada, akwai gidan da in ƙwallonmu ta faɗa ciki sai dai mu haƙura. Kakanka ya yi shekara biyu ba ya ga maciji da mutumin da ke bayanmu, a kan magudanar ruwa. Shi ya ɗaga ƙasar gidansa, ruwan sama ya riƙa kwantawa a jikin katangarmu har ta fara tsagewa. An yi cacar baki, an kira dattawa, an rabu ba a shirya ba. Gaisuwa kawai ta rage tsakaninsu, ita ma a daƙile.

Wani dare kakanka yana wurin aiki, numfashin gwaggonka ya sarƙe. Tana 'yar shekara uku. Na farka na ga kakarka ta rungume ta tana jijjigawa, leɓen yarinya ya sauya launi. Bas ya daina aiki tun tuni, mota ɗaya ce a layin, kuma ta mutumin nan ce. Kakarka ta ce in ruga. Har yanzu ina jin sanyin ƙofar ƙarfen nan a tafin hannuna. Ya buɗe, ya dube ni, ban gama magana ba ya koma ya ɗauko makulli. Ko takalmi bai tsaya nema ba. Shi ya kai su asibiti, shi ya zauna a waje har gari ya waye, matarsa kuma ta zo ta kwana da mu. Abin da zai ba ka mamaki, rigimar magudana ba ta mutu a daren ba, sai da aka ƙara wata shida ana ja kafin a haƙa sabuwa. Su a wurinsu ruwan katanga daban, ran yarinya daban. Gwaggon taka da kake kai wa ziyara da jikokinta, a motar abokin rigimar ubanta ta rayu.

Na tuna daren nan lokacin da na karanta labarin girgizar ƙasar Kobe ta Japan, wadda ta auku ranar 17 ga Janairun 1995 da asuba, ta kashe mutum fiye da 6,000. Ƙasa ce mai kayan aiki da ƙwararrun masu ceto, amma hanyoyi sun toshe, gobara ta tashi ta ko'ina. Ƙiyasin masanansu ya nuna kusan takwas cikin goma na waɗanda aka zaƙulo daga ɓaraguzai mutanen unguwa ne suka zaƙulo su. Maƙwabci ne ya san gidan nan akwai tsohuwa, ya kuma san a wane ɗaki take kwana. Wanda motarka kawai ya sani, ina zai fara tono?

Sai tsohuwar gidan kusurwa. Ita kaɗai take zaune, 'ya'yanta sun yi nisa. Kullum tana bakin ƙofa a kan 'yar kujera, babu mai shiga layin ko fita ba ta gan shi ba. Ba na ƙaunarta a lokacin, don ita ta gaya wa kakarka ranar da na kauce hanyar makaranta, ita ce kuma mai tambayar baƙo wurin wa ya zo. A wurinta ɗa na kowa ne, kuma ta riƙe wannan da gaske. Amma saboda idonta iyayenmu suke barinmu mu yi wasa a waje har magariba hankalinsu kwance. Yaranka fa, a ina suke wasa? Wa zai gan su in sun bi wanda bai kamata ba?

Kowace safiya sautin tsintsiyarta ne yake fara tashi a layin. Wata rana kakarka tana cikin aiki sai ta tsaya cik, ta ce, "Yau ban ji shara ba." Ta yafa mayafi ta fita. Aka buga ƙofa shiru, aka ɗauko tsanin kafinta wani ya haura. An same ta a ƙasa, ta faɗi tun dare, ɓarin jikinta ya shanye, amma da ranta. Ta ƙara shekara huɗu a duniya, matan layin suna karɓa-karɓa wurin kula da ita har 'yarta ta zo ta ɗauke ta. A shekarar girgizar Kobe ɗin dai, cikin watan Yuli, zafi ya kashe mutum fiye da 700 a birnin Shikago na Amurka cikin kusan mako guda. Da yawansu tsofaffi ne masu zaman kaɗaici, sun kulle ƙofa da taga saboda tsoro, wasu sai bayan kwanaki aka gano gawarsu. Wani masani, Eric Klinenberg, ya kwatanta unguwanni biyu da ke jikin juna, duka na talakawa, ya ga mutuwar ta yi sauƙi ƙwarai a wadda mutane ke fitowa titi suna cuɗanya. Ba wanda ya ce "yau ban ji shara ba" a ɗaya unguwar. Har ta kai Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ma ta bi sahu a 2021. Ina jinjina musu da suka ɗauki abin da muhimmanci, amma ofis ba ya jin tsintsiya.

Ba sai na tuna maka matsayin maƙwabci a addini ba, ka san aya ta 36 a Suratun Nisa'i, inda aka ambaci maƙwabci na kusa da na nesa a jere da iyaye da marayu. Ka san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. Wanda na fi so ka riƙe shi ne amsar da ya ba Nana A'isha da ta ce tana da maƙwabta biyu, wa za ta ba kyauta. Ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa da ita. Bai ce wanda ya fi kirki ba, bai ce wanda kuka haɗa harshe ko addini ba. Ƙofa kawai.

Na san abin da za ka ce: mutane sun lalace, ba a san na ƙwarai ba, shiga sabgar maƙwabta jawo wa kai magana ne. Akwai gaskiya a ciki, ban kuma ce ka buɗe cikinka ga kowa ba. Sirrin gidanka naka ne. Kada ka kai ƙarar matarka wurin maƙwabci, kada ka saurari tasa, kada ku fara da bashin kuɗi, don shi ne ya fi saurin raba mutane. In an kawo maka maganar wani gida, ta mutu a kunnenka. In yara sun yi faɗa, kada ka shiga da zafin uba, su za su shirya kafin la'asar ku ku kwana da abin. Amma tsoron mugu ɗaya kada ya sa ka rufe ƙofa ga mutum goma, kuma ai mugun ma sai ka san unguwa za ka gane shi.

Abin da nake roƙonka kaɗan ne. In za ka fita, ka sauke gilashin mota ka yi gaisuwa da baki, ka daina ɗaga hannu daga ciki. Wani lokacin ka ajiye motar ka taka zuwa bakin titi da yara. Ka san sunan mutumin da ke jikinka, da na gabanka, da mai gadin layin, ka karɓi lambar wayarsu ka ba su taka. Ka duba ko akwai tsoho ko tsohuwa mai zaman kaɗaici. Maiɗakinka ita ke wuni a unguwar fiye da kai tun da ta haihu, kuma na lura da muryarta a waya, kewa tana damunta ko da ba ta faɗa maka ba. Ka karanta mata labarin ashanar nan.

Ka ce mini ƙwan fitilar ƙofar gidanku ya mutu, kana shirin sayen tsani. Kada ka saya tukuna. Ranar da ba ka aiki, ka ƙwanƙwasa gidan mai motar nan ka tambaye shi ko yana da shi. In ba shi da shi, ku tambayi na gaba tare. In ka mayar, ka mayar da kanka, kada ka aiki yaro, ka kuma ɗan tsaya in ya ce ka shigo.

In Allah Ya kai mu ƙarshen wata mai zuwa za mu zo ni da mahaifiyarka mu kwana biyu. Ina so ka kai ni mu gaisa da shi, ka gabatar da shi da sunansa. Ka shafa mini kan yara. Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifinka.