Ban ba kowa lambar sirrin katina ba, amma an cire mini kuɗi sau uku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukan ma'aikatan gidan rediyonku, na rubuto ne a kan shirinku na daren Laraba, musamman a kan maganar da baƙonku ya nanata har sau uku, cewa ba a cire wa mutum kuɗi ta katin banki sai in shi da kansa ya ba wani lambarsa ta sirri, ko kuma ya yi sakaci da wayarsa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda mai gabatar da shirin ya bar ta ta wuce ba tare da ko tambaya ɗaya ba, har ya ƙara da cewa jama'a su ji su kiyaye. Na ajiye abincin da ke gabana na yi ta kiran lambarku har shirin ya ƙare ban samu shiga ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni akawu ne a wurin wasu dillalan albasa a kasuwar Mile 12, shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe musu littafi, kuma kuɗin mutane ya bi ta hannuna ba adadi, ba a taɓa neman kobo an rasa ba. Lambar sirrin katina ko mai ɗakina ba ta san ta ba. Ban taɓa karanta wa wani lambar BVN ɗina a waya ba, kuma ni ne ma nake tara yaran rumfarmu ina ja musu kunne a kan masu kira su ce daga banki suke. Duk da haka an cire mini kuɗi sau uku a cikin wata uku, kuma wanda ya cire ɗin ba wani ɗan damfara ba ne da ke ɓoye a ɗaki, kamfani ne mai rajista, mai ofis a nan Legas, wanda tallarsa ke manne a jikin motocin haya.

A watan Maris da ya wuce, da zafi ya tsananta wuta kuma ba ta zama a unguwarmu ta Agege, na sayi fanka mai caji ta intanet saboda mahaifiyata da ke zaune tare da mu, a kan naira 48,500. Na saka lambobin gaban kati, na saka ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na baya, banki ya turo mini lambar OTP a waya, wato lambar tabbatar da biya da ake amfani da ita sau ɗaya, na saka, aka cire kuɗin, bayan kwana biyu mai babur ya kawo fankar har ƙofar gida. Har nan ba ni da ƙorafi, ciniki ne na yarda da shi, na biya, na karɓi kayana. Bayan wata guda, da misalin ƙarfe biyu da rabi na dare, wayata ta yi ƙara, na duba na ga alat na naira 7,500 da wani guntun suna da ban gane ba. Ba a turo mini OTP ba, ba a tambaye ni komai ba, katin yana cikin aljihun rigata a rataye a bayan ƙofa, wayar kuma tana ƙarƙashin matashin kaina. Ina so baƙonku ya gaya mini, a wannan daren wane sakaci na yi?

Washegari na bar aiki na tafi banki. Na yi awa biyu a layi kafin na isa gaban wata ma'aikaciya, kuma tambayarta ta farko ita ce irin maganar baƙonku, wato wa na ba katina, ko akwai yaro a gida da ke wasa da wayata. Na ce babu. Ta ba ni fom na cike, ta ce in je za a bincika. Da na koma bayan kwana goma aka ce mini cirar daga wurin mai sayar da kaya ta zo, kuma tun da na taɓa yin ciniki da su, magana ce tsakanina da su, banki ba ruwansa. Na kira kamfanin sau shida kafin mutum ya ɗauka, kuma a nan ne aka sanar da ni cewa ranar da na sayi fanka na shiga wani tsari na kawo kaya kyauta, watan farko ba biya, daga nan kuma 7,500 kowane wata. Na ce ban nema ba. Aka ce akwai wani ɗan akwati a ƙasan shafin biyan kuɗi wanda ya zo da alamar yarda a cikinsa, kuma da yake ban cire alamar ba, to na amince ke nan. Sau ɗaya na taɓa sayen kaya a wurinsu a rayuwata, to me zan yi da kawo kaya kyauta kowane wata? Na ce a soke, aka ce an soke, amma da wata ya zagayo aka sake cira, aka kuma sake a wata na uku bayan na riga na kai ƙara banki da kamfanin duka. Jimla naira 22,500. A ƙarshe shawarar da banki ya ba ni ita ce in rufe katin in karɓi sabo, kuma ni na biya kuɗin sabon katin daga aljihuna.

Baƙonku ya ce ya yi shekaru yana aikin banki, don haka ya fi ni sanin yadda abin yake, kuma wannan ne ya sa ba zan yi masa uzuri ba. Ya san cewa idan mutum ya biya da kati a karo na farko, ana iya ajiye katin a wurin kamfanin da ke karɓar wa mai kanti kuɗi, kuma daga wannan rana mai kantin yana iya sake cira ba tare da lambar sirri ko OTP ba. An yi tsarin ne domin wanda ke son a riƙa cire masa kuɗin talabijin ko na wata manhaja duk wata ba sai ya wahala ba, kuma ga wanda ya nema da bakinsa ba laifi a ciki. Amma idan an ɓoye wannan izini a cikin ƙananan rubutu na Turanci a ƙasan shafi, aka kuma sa wa mutum alamar yarda tun kafin ya iso wurin, to an karɓe masa makullin ɗaki ne da wayo. Mutumin da ya san wannan duka, ya zo gidan rediyo ya shafe minti arba'in bai ambace shi ko sau ɗaya ba, ya tsaya a kan cewa talaka ne ba ya kula, ai an bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Ba mu muka roƙi a raba mu da tsabar kuɗi ba. A nan Legas aka fara gwada tsarin taƙaita amfani da tsabar kuɗi a watan Janairun 2012, kafin a kai shi sauran jihohi, kuma a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, duk wanda ke Mile 12 ya ga yadda albasa da tumatir suka riƙa lalacewa a gaban masu su saboda babu kuɗi a hannun mai saye. Tun daga lokacin dattawan da ba su taɓa shiga banki ba suka buɗe asusu, suka karɓi kati, saboda ba yadda za su yi. Banki kuma ba kyauta yake riƙe mana kuɗin ba, yana cire kuɗin kula da kati, yana cire kuɗin kowane saƙon alat, har saƙon da ya sanar da ni an kwashe mini kuɗi da tsakar dare sai da na biya kuɗinsa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan na ce ban ba da izini ba, banki da mai kanti ne ya kamata su fito da shaidar cewa na bayar, domin su ke riƙe da na'ura da bayanan, ni ba abin da ke hannuna sai alat.

Abin da ya kamata shirin ya gaya wa mutane, bai faɗa ba. Ni ma sai da ɗan maƙwabcina da ke karatun lauya ya zaunar da ni sannan na sani. Tun daga watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su kammala warware duk wata cira ta POS ko ta intanet da ake jayayya a kanta cikin awa 72. Wanda ya kai ƙara banki yana da haƙƙin a ba shi lambar shaidar ƙorafinsa, kuma idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, yana iya rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin. Akwai kuma hukumar FCCPC, wadda dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa, kuma dokar ta ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani da harshe bayyananne da zai fahimta. A nan jihar Legas ma akwai hukumar LASCOPA mai karɓar koken masu saye. Da na san wannan, na koma banki da takarda a rubuce, na nemi lambar ƙorafina, na bayyana a cikin takardar cewa zan kai maganar gaba. Cikin kwana biyar aka mayar mini da 7,500 na cirar ƙarshe, bankin da ya ce mini ba ruwansa. Sauran naira 15,000 har yau ina bin su, kuma ba zan bari ba.

Kada a ce mana haka cinikin intanet yake a ko'ina, sai haƙuri. A Amurka hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta kai kamfanin Amazon mai sayar da kaya ta intanet kotu a 2023 a kan zargin shigar da mutane tsarinsa na Prime, wanda ake biyan kuɗinsa duk wata ko duk shekara, ba da cikakkiyar yardarsu ba, da kuma wahalar da su idan suka so fita, kuma a watan Satumban 2025 kamfanin ya amince zai biya dala biliyan 2.5, duk da bai amsa laifi ba, biliyan 1.5 daga ciki kuma na mayar wa masu saye ne. A can ba a ce wa mutane su ne ba su karanta ƙananan rubutu ba, kamfanin aka tuhuma.

Ɓarnar da shirinku ya yi na gan ta da idona da safiyar Alhamis. Akwai wani dattijo a layinmu, mutumin Sakkwato, wanda aka cire masa kuɗin waya ɗaya sau biyu a wani shafin sayar da kaya, kuma na yi mako ina lallashinsa har ya yarda zan raka shi banki. Da na je ɗaukarsa ya ce mini ya fasa, domin ya ji a rediyo an ce duk wanda aka cire wa kuɗi shi ya jawo wa kansa, kuma shi ba zai je ya tsaya a gaban yarinya sa'ar jikarsa a mai da shi wawa ba, ya bar wa Allah. Mutanenmu suna da kunya, kuma suna ɗaukar abin da suka ji a gidan rediyonku da Hausa tamkar hukunci. Mutum nawa ne a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da Obalende suka ji wannan magana suka haɗiye asararsu suka yi shiru? Kamfanin da ke cire 7,500 a asusun mutane ba ya buƙatar komai daga gare su illa wannan shirun, kuma ku kuka taimaka masa ya samu.

Saboda haka ina roƙonku da ku gyara wannan magana a fili, a cikin shirin da aka yi ta, a kuma lokacin da aka yi ta. Ku gayyato wani daga hukumar kare haƙƙin masu saye, ko lauya mai jin Hausa, ya yi wa jama'a bayani dalla-dalla a kan abin da mutum zai yi a ranar da ya ga alat ɗin da bai gane ba, irin takardar da zai rubuta, lambar da zai nema a banki, da inda zai kai ƙara idan an yi watsi da shi. Idan baƙon naku zai dawo, ina so a haɗa mu a ɗaki ɗaya. Saƙonnin alat ukun suna nan a wayata ban goge ba, takardar bayanin asusuna mai hatimin banki tana hannuna, haka ma kwafin fom ɗin da na cike, kuma a shirye nake in kawo su ofishinku duk ranar da kuka sa mini, in dai ba ranar da motocin albasa ke sauka ba ce.

Sannan ku duba batun layin wayarku. Lamba ɗaya tak kuke bayarwa ga dukan masu sauraro a Legas da kewaye, kuma a 'yan watannin nan muryoyi huɗu ko biyar ɗin nan dai muke ji kowane mako, su gai da mai gabatarwa, su gai da iyalansu da abokan kasuwancinsu, lokaci ya ƙare ba a yi tambaya ko ɗaya a kan abin da aka tattauna ba. A daren Laraba mutum uku aka ɗauka, kuma babu wanda ya tambayi baƙon komai a kan kati.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
daga Agege, Legas