Amsa ga Malamin da Ya Kira Ni Ɗan Duba

Malam, bayan gaisuwa.

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a. Ka ce na rubuta cewa idan miji da mata duk AS ne, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda ɗaya, ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa da sikila, alhali ka san gida mai 'ya'ya huɗu da babu SS ko ɗaya. Ka rufe da cewa, "Wannan ilimi ne ko duba?"

Duban nan da ka jingina mini shi ya ƙona mini rai. Tambayi ɗaliban da suka bi ta hannuna, ban taɓa nuna ciki na ce ga abin da ke kwance a cikinsa ba. Abin da nake koyarwa a fili yake. Uba yana ba da ƙwayar gado A (lafiyayya) ko S (ta sikila), uwa ma haka, sai a samu AA, AS, AS ko SS. A ce mai rinjaye, S kuwa laɓewa take yi, cutar ba ta fitowa sai ta gamu da 'yar'uwarta. Kuma kowane ciki sabon lissafi ne, mahaifa ba ta riƙe littafin bashi. Yiwuwar a haifi huɗu babu SS 81 ce cikin 256, kusan kashi 32 cikin 100. Gidan da ka sani yana cikin lissafina tun kafin ka san shi. Da ka ɗauki biro kafin ka tara mini jama'a, da ka hutar da mu.

Gregor Mendel, wanda ya aza harsashin ilimin gado, da ya wallafa bincikensa a 1866, tsabar waken turawa (peas) 7,324 ya ƙirga: 5,474 masu santsi, 1,850 yamutsattsu, kusan uku da ɗaya, wato yamutsattsu ɗaya cikin huɗu, kamar SS a lissafina. Kai ka zo da yara huɗu za ka rushe shi.

Zancen tsawo da launin fata da ka sako, ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa a kansu, ban taɓa sa su a wannan ma'auni ba.

Allah ya sa dai ba wani aure ake son ɗaurawa ba, aka rasa hujjar tsallake gwajin jini. Masu irin bakinka ba a ganinsu ranar da yaro ya kwana yana ihu da ciwon ƙashi. Ranar uwa ake nunawa da yatsa, a ce daga danginta ne, haka ma in an haifi zabiya, alhali rabin abin daga uban ya fito, yana zaune shiru ana zagin matarsa.