Buhun azumi ba ya wanke tokar ɓuntu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan abin da kamfanoni ke kira sauke haƙƙin al'umma, domin mu mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam ganau ne.

Tun da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, injinan casar shinkafa suka yi ta ƙaruwa a yankinmu. Ruwan madatsar Tiga na nan, shanshera na nan, kasuwa kuma ta buɗe. Ba ma hassada, samarinmu da dama sun samu dako da ɗinkin buhu da tuƙi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu masu injin suka ɗauka haƙƙin maƙwabtaka yana ƙarewa a rabon kayan azumi. A tara tsofaffi a rana, a miƙa musu ƙaramin buhu, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Sauran watannin kuwa ɓuntu na ci da wuta a bayan katanga, toka na sauka a kan shanyar mata da cikin randa, ruwan turara shinkafa na kwance a lungu yana wari, tireloli sun mai da hanyar gari ramuka.

Amma akwai masu gane cewa mutunta jama'a jari ne. A kusa da mu akwai masu saye biyu. Na farko ya juya fuskar sikelinsa wajen manomi, kana ganin lambar da idonka, kafin magariba kuɗinka sun shigo. Da ya haƙa rijiyar burtsatse sai ya fito da famfo biyu waje. Na biyu kullum "shinkafarka da danshi", a zaftare kilo, sannan a ce ka dawo jibi, jibin da ba ta da rana. Da kaka ta yi, manoma suka riƙa wuce ƙofarsa da kaya, duk da wani lokaci farashinsa ya ɗara. Yanzu ga shi ya sayi sabon sikeli yana aiko dillalai ban baki. Ba wa'azi ya ji ba, rumbunsa ya gani wayam.

Wani zai ce ai Alhaji na fitar da zakka. Madalla, Allah ya karɓa. Mu ma manoman rani muna fitar da ɗaya cikin ashirin na amfanin gona, kuma hakan bai ba mu izinin toshe wa maƙwabci hanyar ruwa ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, an kuma kafa hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli a 2007. Ya kamata jami'anta su riƙa leƙo ƙauye.

Kirana ga iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninsu: kafin a sa hannu a cinikin fili, a zauna da mai injin a rubuta inda zai kai ɓuntu, inda ruwansa zai bi, da wanda zai gyara hanya. Ɓuntun nan ma masu kiwon kaji na nema, a ba su maimakon a ƙona mana shi a ka.

Wassalam.

Manomin shinkafa,
daga Ƙaramar Hukumar Kura, Jihar Kano