Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan bakin hannun riga da maɓallinta

Garwa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kuma ka fara sabawa da sanyin Ngawundare. Mahaifiyarka ta ce za ka kai wa tela yadi ya ɗinka maka rigunan zuwa ofis. Kafin ya sa almakashi, ga abin da nake so ka sani game da bakin hannu, don shi ne wurin da ido yake sauka duk lokacin da ka miƙa hannu za a gaisa.

Bakin hannu iri biyu ne manya. Akwai mai ninki ɗaya da ake rufewa da maɓalli, tsayinsa santimita 6 zuwa 7. Akwai kuma mai ninki biyu, wanda Faransawa ke kira musketer: ana yanka shi kusan santimita 13, a naɗe shi baya, a haɗa ramukansa huɗu da linkis. Na biyun ya fi kwarjini, amma na ɗaurin aure ne da manyan taruka. Ka yi guda ɗaya, fari. Sauran duka su zama masu maɓalli.

Dalilina alwala ce. Azahar da La'asar a wurin aiki za su riƙa samunka, dole hannun riga ya wuce gwiwar hannu. Mai linkis sai ka cire ƙarfe biyu ka nemi inda za ka ajiye, kuma a bakin famfo yawancinsu suke salwanta. Mai maɓalli kuwa ɓallewa ɗaya ne. Sai dai shi ma ba zai hau ba in tsagar hannun ta yi gajarta. Ka ce wa tela ya yi ta santimita 14 ko 15, ya sa mata ƙaramin maɓalli a tsakiya don kada ta riƙa hangamewa fatarka na leƙowa. Ka gwada naɗewa a gabansa kafin ka karɓi rigar.

Wajen awo kada ka yarda da kintace. Tela ya zagaya tef a wuyan hannunka daidai kan ƙashin nan da ya turo, ya ƙara santimita 2 zuwa 2.5, a ƙirga daga maɓalli zuwa raminsa. Hannun da kake ɗaura agogo a ƙara masa santimita 1 a kan haka. In an sa maɓallin, yatsa ɗaya ya shiga, amma kada tafin hannunka ya iya zarewa. Ya yi awon tsawo kana ɗan lanƙwashe da hannu, in ba haka ba da ka kama kan babur rigar za ta ja baya. Idan ka ɗora kwat, santimita 1 zuwa 1.5 na farin bakin hannu ne ya kamata ya leƙo. Kuma a jiƙa yadin ya bushe tukuna, auduga tana tsukewa a wankin farko.

Abin da ya fi lalata bakin hannu shi ne yadin ƙarfafawa da ake mannawa a ciki da dutsen guga. In mai araha ne, ko ba a danna shi da isasshen zafi ba, bayan 'yan wanki sai ya saki ya yi kumburi kamar ƙuraje, guga ba ta gyara shi. Ka nemi mai taushi. Mai taurin nan yana riƙe gumi, ga ƙurar hunturu, nan da nan gefen ya yi baƙi ya tsattsage.

Maɓallin gaba da na hannu milimita 11 ya isa, na tsaga milimita 9, mai ƙofa huɗu. Na ɓawon katantanwar teku ya fi kyau. Za ka gane shi da sanyi in ka kanga a kumatu, bayansa kuma ba ya yin sumul. Amma yana fashewa in mai wanki ya buga shi a dutse, don haka na roba mai kauri ya fi dacewa da rigar kullum. A ɗinka shi da tsinken ashana a ƙarƙashi, a zare tsinken, a naɗe zaren sau biyar ko shida. Wannan ɗan wuyan ne yake hana yadi tattarewa. Ka karɓi biyu na ajiya ga kowace riga.

Kaftanin shadda da za a kai wa masu bugu, a yi masa ramukan linkis kawai, don maɓalli ba ya jure bugu. Linkis ɗin ya zama na azurfa ko farin ƙarfe, launinsa ya tafi da agogonka. Zinariya ba ta halatta ga namiji ba, ko da kyauta aka ba ka.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fara aikin a sa'a.

Mahaifinka