A Mayar da Matattun Layukan Dogo Hanyar Keke

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da kuka buga kan tsofaffin layukan dogo da aka yi watsi da su, ciyawa ta rufe, ɓarayi na kwashe ƙarafunansu. Ina ganin akwai abin da za a yi da su ba sai an jira jirgi ya dawo ba.

Lokacin da nake karatu a Ingila na sha hawa keke daga Bristol zuwa Bath, tafiyar mil 13, a kan tsohon layin jirgi da ƙungiyar Sustrans ta gyara tsakanin 1979 da 1986. Ba mota, ba babur. Da yake jirgi ba ya son tudu mai tsini, hanyar shimfiɗe take, har dattijo da ɗan yaro suna tafiya ba haki. A Staple Hill ma ta cikin ramin jirgin ake ratsawa, da fitilu a kunne. Da safe ma'aikata ne ke cika ta, ran Asabar kuma iyalai.

Mu ma muna da irinta. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos an rufe shi tun 1957. Shawarata ita ce gwamnatocin Kaduna da Filato su duba inda sawunsa ya rage, su fara da 'yan kilomita kusa da gari, a zuba tsakuwa, a dasa darbejiya, a kafa turaku don hana masu acaɓa shiga.

Naku,
Mai karatu daga Zariya