Barka da Sallah daga Manchesta

Assalamu alaikum Baba da Inna da kowa na gida. Barkanmu da shan ruwa, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana.

Garin nan ba wanda ya san yau Sallah ce. Mun yi Idi a wani filin shaƙatawa ana yayyafi, ana sallamewa kowa ya ruga neman bas, ni ma da babbar rigata na shiga aji. Ba yara masu yawon barka da Sallah, ba mai kawo kwanon abinci daga maƙwabta.

Masa ce ta tsaya min a rai. Inna, na san tun jiya aka kai niƙa, ƙullun ya kwana ya tashi, kafin asuba tanda na kan wuta cikin sanyin nan na Jos. Waɗanda gefensu ya ɗan ƙone kike ware min, a malala miyar taushe mai kabewa da yakuwa. Nan akwai shinkafa, akwai yis, amma ina tanda? Shayi da burodi na karya da su. Duk da haka lafiyata ƙalau, har ƙiba na yi.

Auta, ga amsar tambayarki kan zanen littafinku, inda ilektiron, 'yar ƙwaya mai cajin lantarki, ke zagaya cibiyar atam, wato ƙwayar zarrar da komai ya ginu da ita: kin ce me ya hana shi faɗawa ciki? A jami'ar nan ta Manchesta masanin kimiyya Ernest Rutherford ya gano a 1911 cewa atam na da 'yar cibiya mai nauyi, sauran kusan duk fili ne. Sai rigima ta taso. Tsohon ilimin fiziks ya ce duk abin da ke ɗauke da caji, in yana zagaye, dole ya riƙa fitar da haske, ƙarfinsa na tsiyayewa. Da haka ne, da ilektiron ya rufta cikin cibiya tun ido bai ƙifta ba. Da babu kuzar Filato mai ilektiron 50 a kowane atam, babu duwatsun Shere, babu mu.

Wani masanin, Niels Bohr, ya zo nan a 1912, a 1913 ya ce ilektiron ba ya zama inda ya ga dama. Kamar matakalar bene ce: ko wannan ko waccan, ba tsayawa a tsakani, kuma ƙarƙashin ta ƙarshe babu wata. In ya diro daga ta sama sai ya saki haske mai launi takamaimai. Ki barbaɗa gishiri a wutar gas, rawayar da za ki gani ilektiron ɗin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ne ke dirowa. Daga baya masana Schrödinger a 1926 da Heisenberg a 1927 suka nuna ma babu wata hanya da yake bi, sabon ilimin da ake kira kwantam yana faɗin inda aka fi tsammanin samunsa ne kawai. Ki zana wa malaminku da'irar don jarrabawa, amma ki san ba haka abin yake ba. Ni kam duk na koyar da wannan sai na ce Subhanallah.

A gaishe da Kawu da iyalinsa, da Gwaggon Gangare, da mutanen Unguwar Rogo. Yaya, goron Sallar yara yana asusunka, kada a manta 'yan biyu. Hajiya Kaka kuwa a je har ɗakinta a durƙusa a madadina, a ce mijinta na Ingila yana gaisuwa, ya ƙafa, kuma ina nan da hular sanyin da ta saƙa min. Ta ci gaba da yi min addu'a.

Ɗanku mai kewarku.